Lissafi ko Koyo: Wa Zai Cike Giɓin Hoton Jiki Mai Motsi?

Ɗora yatsa a gaban wuyanka, daidai inda maƙogwaro ya ɗan turo, ka ce "kasa", sannan ka ce "ƙasa". A ta biyun za ka ji wani abu ya zabura sama a ƙarƙashin yatsan. Maƙwallato ke nan. Malaman ilimin furuci suna kiran ƙ da ts tunkuɗau, ɓ da ɗ kuma haɗiyau, sun kuma daɗe suna koyar da cewa maƙwallato yakan hau a furucin na farkon, ya sauka a na biyun. Amma gani ya kori ji. Wasu masu bincike a Jami'ar Kudancin Kalifoniya ta Amurka, wato Miran Oh da Dani Byrd da Louis Goldstein da Shrikanth Narayanan, sun kwantar da masu magana da Hausa a cikin na'urar MRI, suka sa su furta kalmomi, suka ɗauki bidiyon cikin wuyansu, don su auna hawa da saukar maƙwallato da yadda lokacinsa ke tafiya da rufewar baki.

Duk wanda ya kalli irin wannan bidiyo zai yi zaton wata kyamara aka zura. Ga harshe yana kai gwauro yana kai mari, ga hanɗa tana ɗagawa tana sauka, ga leɓɓa suna haɗuwa suna rabuwa. Sai dai a kowane hoto guda da ya gifta a allon, ɗan kaɗan ne na'urar ta auna. Sauran kwamfuta ce ta cike. Yadda za a cike wannan giɓi shi ne abin da masana wannan fanni ke ta ja-in-ja a kai, kuma hanyoyi biyu ne manya: hanyar lissafi da hanyar koyo.

Sai an san dalilin giɓin kafin a auna masu cike shi. MRI ba ta ɗaukar hoto a ƙiftawa ɗaya. Maganaɗisu mai ƙarfi ne ke jera ƙwayoyin haidurojin da ke cikin ruwa da kitsen jiki, a aika musu da igiyar rediyo, su amsa, eriya ta saurara. Amsar ba ta fitowa daga ɗigo guda. Kowane awo cakuɗe ne na duk yankin da ake dubawa. Don haka ake tara awon layi bayan layi a wani allo na lissafi, idan ya cika a juya shi da lissafin Fourier, sai hoto ya fito. Tun daga aikin Paul Lauterbur na 1973 da na Peter Mansfield, waɗanda suka raba kyautar Nobel a 2003, tushen bai canza ba. Idan ana son hoto mai ɗigo 128 a tsaye da 128 a kwance, kuma layukan suna ratsa tsakiyar allon kamar wayoyin wilin keke, ana bukatar layi wajen 200. Kowane layi yana cin kamar milisakan 2 a tsari mafi sauri, milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan. Hoto guda ke nan ya ci milisakan 400. Zuciyar da ke bugawa sau 75 a minti tana gama zagaye ɗaya a milisakan 800. Kafin a gama hoto ɗaya ta matse ta fara saki, abin da zai fito kuwa hazo ne.

Likitocin zuciya sun daɗe da dabarar kauce wa wannan. A manna wa majiyyaci wayoyin auna bugun zuciya, a ce ya riƙe numfashi na sakan goma ko sha biyar, a tsinci layuka kaɗan daga kowane bugu a daidai gaɓa guda, a ɗinke su. A maimaita haka kamar sau goma har a gama zuciyar daga sama zuwa ƙasa. Hoton yana fita tangaran, kuma har gobe da shi ake gwada sauran. Amma bugun da ake kallo a allon bai taɓa faruwa ba, an harhaɗa shi ne daga bugu da yawa bisa zaton duk iri ɗaya ne. Jariri ba ya jin "riƙe numfashi". Mai jegon da zuciyarta ta kumbura, irin ciwon da likitocin Zariya suka yi ta rubutu a kansa tun shekarun 1970, kwanciya rigingine ma wahala ce a gare ta, balle riƙe numfashi. Wanda zuciyarsa ke bugawa barkatai ba shi da bugu biyu masu kama da juna. Haɗiya da magana kuwa ba wanda ke maimaita su daidai wa daida. Ga irin waɗannan, mafita ɗaya ce: a ɗauki layi goma ko ashirin a madadin 200, a nemi yadda za a yi da sauran.

A ƙaddara wasiƙa ce ruwan sama ya jiƙa, kalma ɗaya cikin goma ta tsira. Aka kai wa mutum biyu. Na farko masanin nahawu ne. Yana duba abin da ya rage, ya yi hasashen jumla, ya koma ya gwada ta da ragowar tawada, ya gyara, ya sake gwadawa, har sai hasashensa ya daina cin karo da takardar. Na biyu tsohon marubucin wasiƙu ne na bakin gidan waya, wanda dubban wasiƙu suka bi ta hannunsa. Kallo ɗaya zai yi ya karanto maka ita tiryan-tiryan, domin ya san yadda mutane suka saba rubutawa. Na farkon shi ne hanyar lissafi, na biyun hanyar koyo.

Gidan hanyar lissafi a wannan fanni shi ne garin Gottingen na Jamus. A can, a Cibiyar Max Planck, Jens Frahm da abokan aikinsa suka fito da tsarin FLASH a 1985, wanda ya rage lokacin ɗaukar hoto kusan sau ɗari. Bayan shekara 25, a 2010, Martin Uecker da Frahm da sauran tawagar suka wallafa hotunan da kowannensu ya ci milisakan 20 kacal, wato hoto 50 a sakan. Dabarar tasu ta jingina da abubuwa uku. Na farko, ba eriya ɗaya ke sauraro ba. Ƙananan eriyoyi ne da yawa kewaye da jiki, kowace tana jin ɓangaren da ke kusa da ita fiye da na nesa, wannan bambanci kuwa ƙarin bayani ne. An san da haka tun SENSE na Klaas Pruessmann a 1999 da GRAPPA na Mark Griswold a 2002. Abin da Uecker ya ƙara, a tsarin da ake kira NLINV, shi ne a lissafa hoton da yanayin jin kowace eriya a tare, a zagaye bayan zagaye, domin idan jiki ya motsa yanayin jin ma yakan sauya. Na biyu, ana ɗan juya wayoyin wilin daga hoto zuwa hoto, yadda hotuna biyar a jere za su cike wa juna gurbi. Na uku, kuma shi ne ƙashin bayan abin, ana gaya wa lissafin cewa hoton yanzu ba zai yi nisa da wanda ya gabace shi ba. Da wannan aka kalli zuciya ba tare da riƙe numfashi ba, aka kalli haɗiya, aka kalli harsunan mabusa ƙahon Turai suna tsakiyar busa. A 2018 Frahm ya karɓi lambar yabo ta masu ƙirƙira ta Turai.

Akwai wani reshe na wannan hanya da ya taso daga Jami'ar Stanford, inda Michael Lustig da David Donoho da John Pauly suka nuna a 2007 cewa idan an warwatsa awon ba bisa jeri ba, kurakuran da giɓin ke haifarwa sukan zama kamar ƙura, kuma ana iya share ƙurar ta hanyar neman hoto mafi sauƙin siffa wanda bai saɓa wa awon ba. Aka haɗa wannan da wata kusurwa ta musamman, digiri 111.25 tsakanin kowane layi da na bayansa, wadda ke sa duk adadin layukan da ka ɗiba a jere su bazu kusan daidai. Amfanin haka shi ne sai bayan an gama ɗauka mai bincike zai yanke ko layi nawa zai zuba a kowane hoto. Li Feng da abokan aikinsa a Jami'ar New York sun gina tsarin GRASP a kan haka a 2014.

Abin da nake so game da hanyar lissafi shi ne duk zatonta a rubuce yake. Za ka iya buɗe takarda ka nuna da yatsa, ka ce ga inda aka ɗauka cewa hoto yana kama da na bayansa, ga kuma nauyin da aka ba wannan zato. Amma kada a ɗauka ba ta ƙarya. Wancan nauyi kamar maƙunnin rediyo yake, mutum ne ke murɗa shi. A sassauta shi, hoto ya cika da zane-zane masu kama da hasken tauraro. A matse shi, hoto ya yi sumul, motsi mai sauri kuma ya dusashe, domin lissafin ya fi gaskata abin da ya wuce a kan abin da ke faruwa. Tawagar Gottingen sukan kuma bi hotunan da wani mataci, inda ake duba kowane ɗigo a hotuna biyar a jere a ɗauki ƙimar da ke tsakiya. Yana kawar da zane-zanen sosai. Sai dai duk abin da ya bayyana a hoto ɗaya ko biyu kaɗai cikin biyar ɗin, matacin zai zubar da shi a matsayin datti, ko da kuwa bugun harshe ne na gaske a kan hanƙa. Ga kuma jinkiri. Zagayen lissafin yana da nauyi. A Gottingen sai da aka haɗa wa na'urar wata kwamfuta ta daban mai katunan zane da yawa, irin na masu wasannin kwamfuta, kafin hotunan su riƙa fitowa nan take. Tsare-tsare irin GRASP kuwa sukan jira a gama ɗauka duka, sannan su shafe mintoci suna aiki.

Hanyar koyo ta shigo da ƙarfinta a 2017 da 2018. Jo Schlemper da abokan aikinsa a Kwalejin Imperial ta Landan sun gwada ta a kan hotunan zuciya masu motsi, Kerstin Hammernik ta Graz a Ostiriya ta gwada ta a kan gwiwa, Bo Zhu da tawagarsa a Boston suka wallafa AUTOMAP a mujallar Nature. A ƙarshen 2018 Jami'ar New York da sashen bincike na Facebook suka buɗe wa duniya rumbun fastMRI, ɗanyen awo na gwiwoyi masu yawa, daga baya aka ƙara na ƙwaƙwalwa. Tsarin ba shi da wuyar fahimta. A ɗauki cikakken awo, a zubar da mafi yawansa da gangan, a ba manhajar ƙirƙirarriyar basira ragowar, a ce ta maido da na asali. Ta yi kuskure a gyara ta, sau dubbai. Horon kan ci sa'o'i ko kwanaki, amma da zarar an gama, hoto yana fita cikin ƙasa da sakan. Kuma yana da kyau. A 2020 likitocin hoto na New York sun gwada hotunan gwiwa da aka gina daga kusan kashi ɗaya cikin huɗu na awo, suka same su suna ba da hukunci iri ɗaya da na cikakken awo. A shekarar ce kuma hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da tsarin koyo na AIR Recon DL na kamfanin GE, sauran manyan kamfanoni ma kowa ya fito da nasa.

To, gwiwa tana kwance ne, ba ta zuwa ko'ina. Za a iya ɗaukar mintoci ana auna ta har a sami cikakken hoton da za a koyar da shi. Ina za a samo cikakken hoton zuciyar da ke bugawa barkatai, ko na harshe a tsakiyar kalma? Da ana iya ɗaukarsa, da tun farko ba a shiga wannan wahala ba. A ganina nan ne gaɓar da ta raba hoto mai motsi da sauran hotunan MRI, kuma ba a cika tsayawa a kanta yadda ya kamata ba. Andreas Hauptmann da Jennifer Steeden da Vivek Muthurangu da abokan aikinsu a Landan, waɗanda ke duba masu ciwon zuciya na haihuwa, sun bi wata hanya mai ma'ana a aikin da suka wallafa a 2019. Sun ɗebo tsofaffin hotunan riƙe numfashi daga rumbun asibiti, suka lalata su da gangan yadda za su yi kama da awo mai giɓi, suka horar da manhajar da su. Sakamakon ya yi kyau, ya kuma fi hanyar lissafi sauri nesa ba kusa ba. Amma a lura da malamin da ya koyar da ita: bugun da aka ɗinke daga bugu da yawa, a jikin wanda ya iya riƙe numfashi. Wanda za a kai mata kuwa sau da yawa shi ne wanda ya kasa.

Mu koma ga wasiƙar nan. Idan mai ita ya rubuta abin da kowa ke rubutawa, tsohon marubucin zai fi masanin nahawu sauri da daɗin karatu. Idan kuwa a daidai inda ruwa ya ci ya rubuta "ba ni da lafiya", akwai tsoron tsohon ya karanto "ina nan lafiya", da murya mai natsuwa, ba ko gargada. Masanin nahawu zai yi ta in-ina a wurin, in-inar kuwa ita ce za ta sa mai sauraro ya ankara. Wannan ba tsoro ne na baka kawai ba. A 2020 Vegard Antun da Anders Hansen da abokan aikinsu sun wallafa gwaji a mujallar PNAS, inda suka nuna cewa ɗan canji a awo, wanda ido ba zai ma gani ba, yana iya sa wasu manhajojin su fitar da hoto mai manyan kurakurai, kuma ƙananan abubuwan da suka dasa a cikin hoto sukan ɓace. A gasar fastMRI ta shekarar, likitocin da suka yi alƙalanci sun ga wurare a wasu hotunan ƙwaƙwalwa inda manhaja ta zana abu mai kama da halittar jiki alhali babu shi a hoton asali. Adalci ya sa a faɗi cewa Reinhard Heckel da abokan aikinsa sun nuna a 2021 cewa hanyoyin da ba a horar ba su ma ana iya ruɗa su da irin wannan ɗan canji. Don haka ba wadda ta tsira daga kuskure. Bambancin da ya dame ni shi ne kamannin kuskuren. Zane-zanen tauraro da hazo, duk likitan hoto ya san su, ya kuma san ya yi hattara. Kuskuren da ya fito fes kamar tsoka ko jijiya ba shi da alamar da za ta tsayar da kowa.

Duk da haka akwai ɗakunan da ba a tambayar kyan hoto kafin a tambayi lokacin isowarsa. Na'urorin gashin ciwon daji da aka haɗa da MRI, kamar MRIdian da aka fara jinya da ita a St. Louis a 2014, da Unity ta kamfanin Elekta da aka raina a Utrecht ta ƙasar Holan, suna kallon ƙari yana hawa yana sauka da numfashi. MRIdian ta fara ne da hoto huɗu a sakan, kuma idan ƙarin ya fita daga da'irar da aka zana masa sai ta katse hasken gashin. A nan hoton da ya makara da sakan ɗaya ya zama labarin inda ƙarin yake ɗazu. Haka ma likitan da ke tura siririn bututu cikin jijiya zuwa zuciya yana kallon allo, kamar yadda Robert Lederman da tawagarsa suka yi a cibiyar binciken lafiya ta ƙasar Amurka. Duk tsarin da ke bukatar ganin hotunan gaba kafin ya gyara na yanzu ya fita daga lissafi a irin wannan ɗaki. Tambayar ma mai sauƙi ce, ina abin yake yanzu, kuma an riga an san siffarsa daga hotunan da aka ɗauka a natse. A nan ba na jayayya, saurin hanyar koyo ya fi ƙarfin damuwata. Haka kuma a na'urori masu ƙaramin maganaɗisu, irin mai ƙarfin tesla 0.55 da Adrienne Campbell-Washburn da abokan aikinta suka nuna amfaninta a 2019. Siginarsu ba ta kai ta masu tesla 1.5 ko 3 ba, hayaniya ta fi yawa, share hayaniya kuwa aiki ne da manhajar koyo ta ƙware a kai.

Masu aikin da kansu sun daina tsayawa a ɓangare guda. Tsarin Hammernik tun farko gauraye ne, haka ma MoDL na Jami'ar Iowa: manhaja ta yi hasashe, lissafi ya dawo da hasashen kan layukan da aka auna da gaske, a sake miƙa wa manhaja, a yi ta haka zagaye kaɗan. Tsohon marubuci yana karantawa, masanin nahawu na tsaye a kansa da takardar a hannu. Matsalar rashin cikakken hoto ma an sami hanyar rage ta. Burhaneddin Yaman da Mehmet Akçakaya a Minnesota sun nuna a 2020 cewa za a iya raba ɗan awon da ake da shi gida biyu, a ba manhaja kaso ɗaya, a jarraba ta da ɗayan, ba tare da cikakken hoto ko ɗaya ba. Da wannan ana iya horar da ita a kan ainihin masu haki da masu bugun barkatai. Tawagar Uecker ma ta ɗora irin wannan horo a kan NLINV. Nan zuciyata ta fi kwanciya, da sharaɗi guda: inda ake neman abin da ba a saba gani ba, a ajiye ɗanyen awon, a kuma iya sake gina hoton da lissafi zalla don a gwada. Idan layi goma aka auna cikin 200, dawo da hasashe kan waɗannan goman bai hana sauran 190 zama hasashe ba.

Akwai kuma wata lamba da ke yaudarar mai karatu, wato adadin hotuna a sakan. A aikin farko na Narayanan da Krishna Nayak kan magana, a 2004, sun faɗa ƙarara cewa na'urar tana ɗaukar hoto 8 zuwa 9 ne a sakan, amma ana nuna 20 zuwa 24, domin kowane hoto yana aron layuka daga maƙwabtansa. A 2017 tawagar ta kai hoto 83 a sakan, milisakan 12 kowanne, da taimakon lissafin da ke ɗaure hoto da na kusa da shi. Ci gaba ne babba, amma a kowace hanya, ta lissafi ko ta koyo, lambar da ke allo ba ita ce ke faɗin iyakar gajartar abin da za a iya gani ba. Wannan sai an gwada: a sa wani abu a cikin na'urar wanda injin ke motsa shi da saurin da aka sani, a sa ya yi zabura guda ba zato a tsakiyar tafiyarsa, a ga ko zaburar ta fito, da tsawonta, a kuma lokacinta. Mai nazarin ƙ da ɗ yana auna tazarar 'yan milisakan tsakanin motsin maƙwallato da rufewar baki. Idan tsarin gina hoton ya jinkirta ɗayan motsin da hoto biyu, ko ya shafe farkonsa, tazarar da zai rubuta a takardarsa ta kwamfutar ce, ba ta mai maganar ba.